Daga Katsina zuwa Tsibirin Robben: Yadda Ake Shirya Ziyarar a Tafiyar Jirgin Ruwa

Abu na farko da ya kamata mai niyyar wannan tafiya ya sani shi ne, babban jirgin ruwan shaƙatawa ba ya tsayawa a tsibirin Robben na ƙasar Afirka ta Kudu. Na fara da wannan ne saboda a nan ni da yayana muka kusa tafka asara. Wani dillalin tafiye-tafiye ya nuna mana takardar talla, hoton ɗakin da aka tsare Nelson Mandela a gefe guda, hoton jirgi mai hawa goma sha wani abu a ɗaya gefen, mu kuwa da muka tashi a Katsina, inda babban ruwan da muka sani bai wuce madatsar Jibiya da ta Zoɓe ba, sai muka ɗauka jirgin zai sauke mu a bakin kurkukun kamar yadda ɗan acaɓa yake sauke mutum a Ƙofar Soro. Gaskiyar lamarin ita ce jirgin yana yada zango ne a tashar birnin Keftawun, wanda a kan tikiti za ka ga an rubuta Cape Town, daga can kuma sai mutum ya nemi ƙaramin jirgin fito da zai tsallaka da shi kimanin kilomita 12 zuwa tsibirin. Jirgin fiton nan yana da nasa tikitin, yana da nasa lokacin, yana cika tun kwanaki kafin ranar, kuma iska tana iya hana shi tashi gaba ɗaya. Duk wani shiri da zan bayyana a ƙasa, manufarsa ɗaya ce, wato mutum ya samu waɗannan awanni huɗu da ziyarar take ci, ba tare da iska ko agogon babban jirgi sun ƙwace masa su ba.

Akwai wasu tsibiran da Turawa suka mayar gidan kaso waɗanda jiragen shaƙatawa suke ratsawa. Faransa ta yi nata a gaɓar Amurka ta Kudu, inda ake kira Tsibirin Shaiɗan, tun daga 1852 har zuwa 1953, Ingila kuma ta kai Napoliyon tsibirin Santa Helena a 1815, ya mutu a can a 1821. Amma ga ɗan Katsina ko ɗan Daura, Robben ya fi sauƙin zuwa, kuma labarinsa ya fi shafar mu. Yayana, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yana cikin ma'aikatan da aka riƙa cire wani kaso daga albashinsu bayan da Nijeriya ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka a 1976, kuma har yau yana tuna lokacin da Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, yake shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da mulkin wariyar launin fata. Shi ya matsa a yi tafiyar, yana cewa yana so ya ga inda kuɗinsa suka tafi. Kora zuwa nesa ma ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu, domin haka Turawa suka yi wa Sarkin Kano Alu, suka kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Bambancin kawai shi ne a Robben teku ce katanga.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a fara da takardu tun wata huɗu ko biyar kafin ranar tashi. Afirka ta Kudu tana son fasfo mai aƙalla shafi biyu da ba a taɓa ba, kamfanonin jiragen ruwa kuma galibi suna son ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare, saboda haka wanda fasfonsa ya kusa cika da tambarin Umara gara ya sabunta shi tun a ofishin shige da fice na Katsina. Biza ba a Katsina ake neman ta ba, sai an dangana da Abuja ko Legas, kuma a nan ne kuskure mafi tsada yake faruwa. Yawancin jiragen da suke tashi daga Keftawun ko Durban suna fita zuwa Namibiya ko Mozambik su dawo, kuma a idon jami'an shige da fice, wannan fita ce daga ƙasa da sake shigowa. Wanda ya karɓi biza ta shiga sau ɗaya, ya riga ya cinye ta ranar da ya sauka a filin jirgin sama. A nemi biza mai ba da damar shiga sau da yawa, a haɗa takardar shaidar biyan kuɗin jirgin ruwan a cikin takardun neman, sannan a tambayi kamfanin a rubuce game da kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, ko mai fasfon Nijeriya yana bukatar bizarta ko da ba zai sauka ba. A ajiye amsar da suka bayar a waya da kuma a takarda.

Katin rigakafin cutar shawara, wato ruwan ɗorawan katin nan da alhazai suka sani, wajibi ne, kuma sai allurar ta kwana goma kafin a karɓe shi. Kada a yi wasa da shi, kada kuma a saye shi a hannun 'yan kan hanya. A watan Maris na 2012 an mayar da 'yan Nijeriya 125 gida daga filin jirgin Johanasbag saboda an yi zargin katunansu na bogi ne, abin da ya jawo cacar baki tsakanin ƙasashen biyu har Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Afuwar gwamnati ba ta dawo wa kowa da ranakun hutunsa.

Zaɓen jirgi shi ne inda za a ci ko a faɗi. Jiragen iri biyu ne a wannan fuska: akwai wanda yake zuwa Keftawun da safe ya tashi da yamma, akwai kuma wanda tafiyarsa take farawa ko take ƙarewa a can. Shawarata, wadda na biya kuɗin koyonta, ita ce a zaɓi na biyun, a iso birnin kwana biyu ko uku kafin ranar shiga jirgi, a kama masauki, a sa ziyarar tsibirin a safiyar farko. Idan iska ta hana, akwai gobe, akwai jibi. Wanda jirginsa wuni ɗaya kacal zai yi, damarsa ɗaya ce tak, kuma ba a hannunsa take ba. Idan dole sai irin wannan jirgin, to a nemi wanda yake kwana a tashar, domin akwai su. Kamfanin MSC ne ya fi yawan jirage a wannan gaɓar, kuma kakar tafiyar tana faɗowa ne daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, wato lokacin da muke fama da hunturu a Katsina su suna tsakiyar zafinsu. Hanyar zuwa kuwa doguwa ce: daga Katsina ko Kano zuwa Legas, daga Legas kimanin awa shida zuwa Johanasbag, daga nan awa biyu zuwa Keftawun. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Wanda ya sa saukarsa ta zo daidai da ranar tashin jirgin ruwa ya ɗora dukan kuɗinsa a kan alkawarin jirage uku, ko huɗu ma.

Tikitin jirgin fito ana sayen shi ne ta intanet a shafin hukumar gidan tarihin tsibirin, kuma tikiti ɗaya ya ƙunshi fito zuwa da dawowa, da zagaye a motar bas, da shiga kurkukun. Baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa. A watan Disamba da farkon Janairu, lokacin hutun makarantunsu, tikitin yana ƙarewa makonni kafin ranar, saboda haka da zarar biza ta fito a saya. Katin banki na naira ba kullum yake aiki a shafukan waje ba, gara a tanadi katin dala, wanda dama za a bukace shi a cikin babban jirgin. Jiragen fiton sun saba tashi da ƙarfe tara na safe, da sha ɗaya, da ɗaya na rana, a lokacin zafi kuma akan ƙara na ƙarfe uku, amma a duba jadawalin makon da za a je. Na ƙarfe tara shi ne nawa, ba tare da wani kokwanto ba. Iskar kudu maso gabas da take kaɗawa a birnin a watannin zafi, wadda mutanen garin suke yi wa laƙabi da likitan Kef saboda tana share ƙazantar sararin samaniya, ta fi ƙarfi idan rana ta yi, don haka jiragen rana da na yamma su ne aka fi sokewa. Mu na ƙarfe ɗaya muka fara saya, saboda yayana ya ce ba zai yi sammako a ranar hutu ba, aka kuwa soke shi muna tsaye a layi. Da ba mu da kwana biyu a hannu, da sai dai mu hango tsibirin daga saman babban jirgi muna wucewa.

Wanda jirginsa wuni ɗaya zai yi yana da zaɓi biyu. Zai iya sayen ziyarar a hannun kamfanin jirgin, idan suna da ita a jerinsu, wadda ta fi tsada sosai amma tana da amfani guda mai girma, wato idan motar kamfani ta makara jirgi yana jiran ta. Ko kuma ya saya da kansa da rahusa, ya san cewa idan ya makara jirgi zai tafi ya bar shi a tasha, sai ya nemi hanyar cim masa a tashar gaba da kuɗin aljihunsa. Lissafin ba shi da wuya. Ziyarar tana cin awa uku da rabi zuwa huɗu, wani lokaci fiye idan teku ta yi fushi, kuma ana rufe ƙofar babban jirgi rabin awa ko awa guda kafin lokacin tashin da aka rubuta. Idan jirgin zai tashi ƙarfe biyar na yamma, fiton ƙarfe ɗaya ganganci ne.

Daga tashar manyan jirage zuwa inda ake shiga jirgin fito ba nisa, tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma sha biyar a cikin unguwar kasuwanci ta bakin ruwa da ake kira Waterfront. A nemi jan hasumiyar agogo, ginin da ake kira Nelson Mandela Gateway yana dab da ita. A isa aƙalla rabin awa kafin lokaci, domin akwai binciken jaka kamar na filin jirgin sama, kuma ana rufe ƙofa kafin jirgin ya motsa. A riƙe tikiti, da shaidar kai mai hoto, da katin nan na babban jirgi wanda shi ne makullin ɗaki kuma shi ne izinin komawa ciki. A karya kumallo da abu mara maiƙo. Wanda bai taɓa hawa ruwa ba, kuma yawancinmu haka muke, ya sha maganin jiri da tashin zuciya tun kafin ya shiga, ba sai cikinsa ya fara juyawa ba, ya kuma tambayi likita tun a gida idan yana shan maganin hawan jini ko na siga. Babban jirgi yana tafiya ne kamar gida, mutum har ya manta a kan ruwa yake, amma na fiton yana hawa igiyar ruwa yana faɗowa na tsawon rabin awa ko fiye, gwargwadon jirgin da aka samu. A zauna a tsakiya, a ƙasa, a kafa ido a kan dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai da ke bayan gari.

Maganar tufafi ba ƙarama ba ce. Ko da rana tana ƙuna a gari, iskar teku tana da sanyi, saboda ruwan wannan gaɓar daga can ƙarshen kudancin duniya yake gangarowa, kuma sanyin ruwan nan yana cikin abin da ya sa tsibirin ya zama kurkuku mai wuyar tsira duk da cewa wani gefensa bai fi kilomita bakwai daga tudu ba. A sa kaftani da rigar sanyi a ciki, da takalmi sau-ciki, mata kuma su ɗaure mayafi da kyau ko su sa hijabi mai kama jiki a wuya. Yayana ya fito da babbar riga da hula zanna, wai ba zai je gaban Mandela a wulaƙance ba. Da muka hau saman jirgin fiton sai rigar ta cika da iska kamar tanti, na ce, "Yaya, dafe hularka," ban rufe baki ba sai ga ta can tana lilo a kan ruwa. Ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya ce ai ita ma ta yi gudun hijira. Da kai babu hula ya yi ziyarar.

Jirgin yana tsayawa a ƙaramar tashar Murray, daga nan a taka zuwa motocin bas. Tsibirin ɗan ƙarami ne, tsawonsa kilomita uku da 'yan kai, faɗinsa bai kai biyu ba, shimfiɗaɗɗe, mai gajerun itatuwa, sunansa kuma daga harshen Holan ne, sunan wata dabbar teku ce da ta yi yawa a wurin a da. A yi ƙoƙari a zauna kusa da mai jawabi, domin Turancinsu yana da wani kari da kunnenmu bai saba da shi ba, kuma injin mota yana haɗiye rabin maganar ga na baya. Motar tana bi ta maƙabartar kutare, saboda daga 1846 zuwa 1931 nan ake jibge kutare da masu taɓin hankali, a raba su da iyalansu. Tana bi ta manyan bindigogin da aka girke lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙauyen da gandirobobi suka zauna da iyalansu, da wani gefen teku inda ake tsayawa a ɗauki hoton birnin daga nesa. Waɗannan a kalle su a wuce. Wurare uku ne nake so mai ziyara ya tara hankalinsa a kansu.

Na farko ɗan gidan Robert Sobukwe ne, jagoran jam'iyyar PAC mai yaƙi da mulkin wariyar launin fata, wanda ya gama wa'adin ɗaurinsa a 1963 amma majalisa ta yi doka ta musamman domin a ci gaba da riƙe shi, aka ajiye shi shi kaɗai har 1969, ba a yarda ya yi magana da sauran fursunoni ba. Ɗaurin talala ne a tsakiyar ɗaurarru, yana ganin su suna wucewa zuwa aiki, ba halin ko sallama. Na biyu ramin fasa dutsen farar ƙasa ne, inda Mandela da su Walter Sisulu da Govan Mbeki da Ahmed Kathrada suka yi aikin gwale-gwale, shi Mandela na tsawon shekara goma sha uku. Idan rana ta daki farin dutsen nan ido ba ya iya buɗuwa, na gwada cire tabarau na minti ɗaya na ji hawaye, su kuwa sai da suka shekara uku suna roƙo kafin a ba su tabarau, kuma idon Mandela bai sake komawa daidai ba. A gefen ramin akwai wani kogo da suke fakewa a ciki, nan masu ilimi suke koyar da marasa shi, har wurin ya samu laƙabin jami'a. A bakin ramin kuma za a ga tarin duwatsu, wanda ya samo asali a 1995 lokacin da tsofaffin fursunoni suka dawo taro, Mandela ya ɗauki dutse ɗaya ya ajiye, sauran suka bi bayansa.

Na uku shi ne wanda takardun talla ba su cika ambata ba, kuma shi ya fi daɗewa a raina. Kusa da katangar kurkukun akwai wani ɗan gini mai koriyar ƙubba, hubbaren Sayyid Abdurrahman Moturu ne, ɗaya daga cikin manyan Musulmin tsibiran Indunisiya da Turawan Holan suka kora zuwa nan saboda sun ƙi miƙa wuya, ya rasu a tsibirin a 1754. Wato tun shekara ɗari biyu kafin Mandela, ana ɗaure Musulmi a wannan wuri. Mafi shahara a cikinsu shi ne Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda mutanen Kef suke kira Tuan Guru, wato babban malami, ɗan sarautar Tidore, wanda aka kawo a 1780 ya shafe shekaru a tsibirin. Babu littafi a hannunsa, sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk wanda ya tashi a garin da ake da tsangaya ya san nauyin wannan magana, domin mun san shekarun da almajiri yake ci kafin ya zama alaramma, mun san yadda ake ɗaure tawada a fere alƙalami, mun kuma san cewa ko gwani yakan so wani gwanin ya duba masa rubutu. Shi ba shi da mai duba masa, sai abin da ke ƙirjinsa. Bakatsinen da ya saba ziyartar kabarin Wali Ɗan Marna ba zai ji hubbaren nan baƙo ba. Motar ba kullum take tsayawa a wurin ba, saboda haka a gaya wa mai jawabi tun da farko, cikin ladabi, cewa ana son a gan shi, idan lokaci ya bari yakan nuna hanya.

Daga mota sai a shiga babban kurkukun da ƙafa, kuma a al'adar wurin wanda yake zagayawa da baƙi tsohon fursunan siyasa ne da ya yi zama a ciki, ko da yake shekaru suna rage yawansu. Fursunoni ne suka gina kurkukun da hannunsu, da dutsen da suka faso a tsibirin, maza ne zalla kuma babu Bature ko ɗaya a cikinsu, domin fararen fata da aka ɗaure kan siyasa a Firitoriya ake ajiye su. Za a zaunar da ku a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan da ake cusa mutum hamsin ko fiye, inda suka kwana a tabarma a kan siminti har ƙarshen shekarun 1970 kafin a kawo gadaje. A nan za a nuna allon rabon abinci, wanda ni a ganina ya fi kowane jawabi bayyana mulkin wariya: Ba'indiye da ruwa-biyu ana ba su burodi, baƙar fata kuwa sai tuwon masara, sukarinsa ma bai kai nasu ba. Hatta wando an bambanta, Kathrada wanda shi ne ƙaraminsu aka ba shi dogo, Mandela da Sisulu aka ba su gajere kamar yara. Sabon ɗaure wasiƙa ɗaya yake da ita da baƙo ɗaya a wata shida, wasiƙar ma sai an bi ta da reza an yanke abin da ba a so.

A yi wa wannan dattijo irin zaman da ake yi a gidan gaisuwa. Ba ya cikin ladabi a riƙa amsa waya ko ɗaukar hoton kai ana dariya alhali mutum yana ba da labarin shekarun da aka cire daga rayuwarsa, kuma na ga masu yin haka, har da namu. A nemi izini kafin a ɗauki hotonsa. Idan ya ba da damar tambaya, a tambaye shi nasa labarin, shekara nawa ya yi, yana ɗan shekara nawa aka kawo shi, wa ya koya masa karatu, domin labarin Mandela yana cikin littattafai amma nasa sai a bakinsa.

Ɗakin Mandela yana sashen B, kuma ba a shiga, ta tsakanin ƙarafa ake leƙawa ana tafe a layi, kowa da 'yan daƙiƙoƙinsa. Kimanin mita biyu da rabi ne a tsawo, biyu da ɗan kai a faɗi, da tabarma, da barguna a naɗe, da ɗan teburi, da bokitin bayan gida. Lambarsa 466/64, wato fursuna na 466 a shekarar 1964, kuma a nan ya yi shekara 18 daga cikin 27 da ya yi a ɗaure, kafin a mayar da shi kurkukun Pollsmoor a 1982, a sake shi ranar 11 ga Fabrairu, 1990. Kada a ɓata 'yan daƙiƙoƙin wajen neman hoto mai kyau, ƙarafan ba sa bari. Yayana ya ware hannuwansa biyu a jikin ƙofar yana aune, ya ce, "Malam, ko shagon mai shayin unguwarmu ya fi wannan," daga nan bai ƙara cewa komai ba har muka fito tsakar gidan da Mandela ya yi ɗan lambunsa, inda ya binne rubutun tarihin rayuwarsa. A can ne ya ambaci Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, shekarar da aka buɗe wannan tsibirin ga masu ziyara. Fursunonin siyasa na ƙarshe sun bar Robben a 1991, sauran a 1996, a 1999 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ana fitowa daga kurkuku a nufi tasha kai tsaye, domin jirgin da ya kawo mutum shi ne zai mayar da shi, kuma ɗan kantin tsaraba da ke bakin ruwa ya sha sa mutane gudu. Wanda ya ɗauki fiton ƙarfe tara zai dawo gari wajen ƙarfe ɗaya, daidai azahar. A nan akwai abin lura ga wanda ya saba cewa ya fuskanci gabas: a Keftawun alƙibla tana arewa ne, ta ɗan karkata zuwa gabas kaɗan, don haka a duba manhajar waya kafin a shimfiɗa darduma, a cikin babban jirgi ma haka, tunda yana juyawa. Ranar zafinsu doguwa ce, a Disamba magariba tana kaiwa wajen ƙarfe takwas na dare. Hukuncin kasaru da haɗa salla a tambayi malami tun a gida. A guji sa ziyarar ranar Juma'a idan da hali. Abincin halal ba ya wuya a birnin, gidajen abinci da yawa suna manna takardar shaida a ƙofa, saboda haka babu dalilin ɗauko kilishi ko dambun nama daga gida, wanda dama jami'an kwastan ba sa barin a shiga da shi. A cikin babban jirgi kuwa a sanar da kamfani bukatar abinci tun lokacin biyan kuɗi, a kuma san cewa akwai mashaya da gidan caca da wurin wanka a fili, mai tafiya da iyali ya zaɓi hanyoyin da zai riƙa bi.

Idan akwai sauran awa biyu a hannu kafin a rufe ƙofar jirgi, a ɗauki tasi ta manhaja zuwa unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala, a ce a kai mutum Masallacin Auwal a titin Dorp. Shi ne masallaci mafi tsufa a Afirka ta Kudu, an kafa shi a 1794, kuma Tuan Guru ne limaminsa na farko bayan an sake shi daga tsibirin. Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa yana ajiye a nan cikin akwatin gilashi, an tsince shi ne a rufin masallacin lokacin da ake gyara a shekarun 1980. An fi samun ƙofar a buɗe a lokutan salla, don haka a daidaita zuwan da la'asar, a gaisa da wanda aka tarar, a nemi izinin gani. Daga nan zuwa tashar jirgi tafiyar minti goma ce zuwa sha biyar a mota idan hanya babu cunkoso, amma da yamma a ba ta rabin awa.